Gyaran Rufin Shago Bayan Hadari

Da sunan Allah ake farawa. Bayan haka, sanin kowa ne cewa hadarin farkon damina, wanda kan taso daga gabas cikin Afrilu da Mayu, iska ce a gabansa, ruwa a bayansa. Iskar nan takan kama rufin kwano ta baki da kusurwa, ta ɗaga shi kamar faifai, kana ruwa ya sauka a kan dukiya. Atamfa da shadda su yi tabo, sukari da gishiri su narke, siminti ya daskare, hatsi ya yi fumfuna. Sau da yawa kuma kayan nan na bashi ne, ko amanar wani.

To, babbar hasara ba ta daren hadarin ba ce kaɗai. Ta kwanakin da ke biye ce, sa'ad da mai shago da ɗan haya suka tsaya gardamar wanda zai biya kafinta, sama kuwa tana sake haɗuwa. Saboda haka lalle ne a san abin da za a gabatar da abin da za a jinkirta.

Na fari, rai ya fi dukiya. A kashe wutar lantarki ta shagon kafin kowa ya taɓa kwano, gama waya tsinkakkiya a kan jiƙaƙƙen kwano ajali ce. Kada a tura yaron shago bisa rufi ana walƙiya, ko kwano bai bushe ba. Na biyu, a kwashe kaya, wanda bai kwasu ba a ɗora shi kan katako a lulluɓe da leda. Na uku, a rufe ɓarakar da tamfol, a haurar da shi ƙololuwar rufin zuwa ɗaya gefen don kada ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa, a danne bakinsa da katako a buga ƙusa. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake jibgawa ba magani ba ne, iska ta biyu takan jefo su kan masu wucewa. Wanda ke da inshora ko takaful ya ɗauki hoton ɓarnar tun kafin a taɓa komai.

Amma fa tamfol na kwanaki ne, ba na shekara ba. In an zo gyaran gaske, kafinta ya duba katakon da gara ta ci ko ruwa ya ruɓar, ya sake shi, domin sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako aikin banza ne. A buga ƙusa a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa inda ruwa ke bi ba, a ƙara yawanta a baki da kusurwa, a ɗaure katakon rufi da bango da langalanga. Kwano mai kaurin takarda kuwa, araha ba ta ado. Masu soro su ma su duba azara, su sabunta yaɓe, su buɗe indararo. Kada a manta da magudana. A watan Agusta na 2022 ruwa ya malale Kantin Kwari a Kano, ya ɓata yadi mai yawa, watau ruwan da rufi ya tare lalle ya sami hanyar wucewa a ƙasa.

Saura batun wanda zai biya. Abin da aka sani a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu da sharhohinsa, shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara, amma in yoyo ya cutar da ɗan haya yana da zaɓin warware hayar ya fita. Sai dai ɗan kasuwar da ya shekara goma a layi guda, abokan cinikinsa sun san ƙofarsa, fita gare shi wata hasara ce. Shi kuma mai shago da ya ƙi gyara, gininsa ne ke zubewa. Don haka mafita ita ce yarjejeniya tun ranar ƙulla haya. A rubuta wanda gyaran rufi ke kansa, da cewa in gaggawa ta taso ɗan haya zai gyara da izini, a cire daga kuɗin haya, a gaban shaidu. Malamai su ne suka fi cancanta su karantar da wannan babi na ijara a zaurukansu kafin damina, ba sai an kawo ƙara ba.

Shugabannin kasuwa kuma suna da nasu rabo. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ya kamata a sanar da shi layi-layi. Kowane layi ya yi asusu, ya ajiye tamfol da tsani da ƙusa, ya san amintattun kafintoci, a yanka ladan aiki tun da rani don kada a tsawwala wa wanda masifa ta sama. Kwanon da ya tashi daga shago ɗaya kan maƙwabci yake faɗawa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya tsare rayuka da dukiyoyi, amin. Haza wasalam.