Waya lafiya lau, amma WhatsApp ya ƙi buɗewa: wa ke yanke wa salula kwananta?

Masu gyaran salula a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sun saba da wata cuta da ba ta da magani a teburinsu. Mutum ya kawo waya, gilashinta bai fashe ba, batir yana riƙe caji, ana kira ana amsawa, amma WhatsApp ya ƙi buɗewa, ko wata manhaja ta ƙi sauka daga Play Store, sai ɗan rubutu da Faransanci cewa na'urar ba ta dace da ita ba. Mai gyara yana iya canza gilashi, ya canza bakin caji, ya wanke cikin waya da ta sha ruwa. Wannan kam ta fi ƙarfinsa, don ba ƙarfe ne ya lalace ba. Tsarin da ke tafiyar da wayar ne ya tsufa, kuma kamfanonin da ke yin manhajoji sun yanke shawarar daina kula shi.

Abin ba yau ya fara ba. Kamfanin WhatsApp ya sallami wayoyin BlackBerry a ƙarshen 2017, ya sallami ƙananan Nokia masu tsarin S40 a ƙarshen 2018, sannan Windows Phone a ƙarshen 2019. Daga ranar 24 ga Oktoba 2023, duk wayar Android da tsarinta bai kai lamba 5.0 ba ta fita daga sahu. A 2025 aka juyo kan masu iPhone: manhajar ta koma neman iOS 15.1 ko sama da haka, abin da ya bar iPhone 5s, iPhone 6 da 6 Plus a baya, domin kamfanin Apple ya tsayar da su a iOS 12 tun da daɗewa. iPhone 6s da iPhone 7, waɗanda har yanzu ake gani a gilasan masu sayar da okaziyon, sun tsaya a iOS 15. Wato suna bakin gaɓa.

A wata ƙasa wannan ƙaramin labari ne na shafin fasaha. A Nijar kuwa ya taɓa tukunyar gida. Da saƙon murya na WhatsApp dillalin albasa a Galmi yake jin farashin Abijan da Akara, da shi ɗan ci-rani a Libiya ko Legas yake sanar da gida cewa ya aiko kuɗi, da shi mai ɗinki take tura hoton samfuri, da shi ake gayyatar suna da sanar da rasuwa. A ƙasar da mafi yawan manya ba sa karanta boko, saƙon murya shi ne wasiƙa, shi ne kuma littafin bashi. Ranar da manhajar ta ƙi buɗewa, abin da ya rufe ya wuce hira.

Me ya sa suke yin haka?

Hujjar kamfanonin tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Kusan kowace shekara Google yana fitar da sabon Android; na 16 ya fito a watan Yuni 2025, shi kuwa 5.0 da WhatsApp ya tsaya a kansa a 2023, tun Nuwamba 2014 ya fito. Mai rubuta manhaja da ke son ta yi aiki a kan dukansu dole ya gwada ta a kan kowanne, ya riƙa yi wa sababbin ayyuka kwaskwarima don tsohon tsari ya iya ɗauka, kuma ya haƙura da ramukan tsaro da ba wanda zai sake toshewa. Kowane tsohon tsari da aka riƙe kuɗi ne da lokacin ma'aikata. Don haka sai su duba lissafi: mutum nawa suka rage a kai? Lokacin da Google ya sanar a tsakiyar 2023 cewa zai daina sabunta ayyukansa na Play a kan Android 4.4, dalilin da ya bayar shi ne wayoyin da ke kan wannan tsari sun faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100.

A nan gizo ke saƙa. Kashi 1 cikin 100 na wayoyin Android da ke aiki a duniya, waɗanda Google da kansa ya ce sun haura miliyar 3, mutane ne miliyoyi. Kuma ba a warwatse suke daidai wa daida a ko'ina ba. Tsohuwar waya ba ta zama a Faris ko Dubai. Tana gangarowa, daga hannu zuwa hannu, zuwa inda kuɗin sabuwa ya fi wuya. Abin da ake gani ɗan ragowa a ofishin Kaliforniya, a kasuwar ƙauye yana iya zama ita ce wayar gida gaba ɗaya, wadda uba ya bar wa uwa, uwa ta bar wa ɗiya.

Sai dai ɗora wa WhatsApp laifin duka rashin adalci ne. Manhajar da ke aiki a kan tsarin da ya haura shekara 10 tana cikin masu haƙuri. Wasu sun fi ta gaggawa nesa ba kusa ba: tun watan Agusta 2025, sabon Chrome, manhajar da mafi yawan masu Android ke shiga intanet da ita, ba ya sauka sai a Android 10 zuwa sama. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya sa wayar da aka saya da Android 8 take mutuwa da Android 8, alhali Google ya fitar da wasu da dama bayansa?

Amsar tana wurin masu ƙera wayar. Sabon Android ba ya zuwa kai tsaye daga Google. Sai kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su MediaTek, Unisoc ko Qualcomm, ya daidaita shi da kayansa, sannan mai sunan wayar ya ɗora nasa ado, ya gwada, ya tura. Duk wannan aiki ne da ake yi bayan an riga an karɓi kuɗin mai saye, ba ya kawo ko dala. A waya mai tsada ribar tana ɗaukar nauyin: Google ya yi alƙawarin shekara 7 na sabuntawa ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a farkon 2024. A waya mai araha, wadda ribarta ƴar kaɗan ce, sau da yawa sabon tsari ɗaya ake samu, ko ba a samu ko ɗaya ba. Kuma irin waɗannan ne suka cika kasuwannin Afirka, inda kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno, Itel da Infinix, yake riƙe da kimanin rabin cinikin manyan wayoyi. Kamfanin ya ci kasuwa ne saboda ya kawo abin da mutane ke so: wurin layi biyu, batir mai jure rashin wuta, farashi mai sauƙi. Tsawon ran tsarin da ke ciki bai taɓa shiga cikin abin da ake ciniki a kai ba, don mai saye bai san zai tambaya ba.

Darasin KaiOS

Babu inda abin ya fi fitowa fili kamar a labarin KaiOS. Tsari ne da aka ƙirƙira don ƙananan wayoyi masu maɓalli, waɗanda suke shiga intanet amma kuɗinsu bai kai na babbar waya ba. Wajen 2019 manyan kamfanonin sadarwa irin su Orange da MTN suka riƙa tallata su a ƙasashen Afirka da dama a matsayin gadar da talaka zai haye zuwa intanet, kuma babban abin tallar shi ne suna ɗauke da WhatsApp. A tsakiyar 2024 aka daina karɓar sababbin masu rajista a kansu, a farkon 2025 aka rufe gaba ɗaya. Wanda ya sayi irin wannan waya don WhatsApp kawai, yau yana riƙe da waya mai kira da tocila.

Ƙananan manhajojin da aka yi don masu ƙaramar waya da tsadar intanet ma ba su tsira ba. An rufe YouTube Go a 2022, an rufe Messenger Lite a 2023. Facebook Lite, da ya fito a 2015, yana nan tukuna.

Akwai kuma matsalar da take zuwa ta baya. Sabuwar waya ma tana ƙin tsohuwar manhaja. Daga Android 14, waya ba ta yarda a saka mata manhajar da aka rubuta don tsarin da bai kai Android 6.0 ba. Wanda ya daɗe yana amfani da wata tsohuwar manhajar littattafan addini ko ta lissafin shago, wadda mai ita ya daina kula da ita, yana iya sayen sabuwar waya ya tarar ba ta ɗaukarta. Su kuma sababbin wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba sa zuwa da Play Store ko ayyukan Google, don haka manhajojin da suka dogara da su suna iya ƙin tafiya daidai, komai sabuntar wayar.

Hanyar ɓarauniya da kuɗinta

Idan ƙofa ta rufe, mutane taga suke nema. A nan manhajoji da yawa ba daga Play Store ake sauke su ba. A tura maka ta Xender, ko mai shago ya zuba maka a kati. Daga nan ne ake faɗawa hannun jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp, da ake yaba su da ƙarin ado da iya ɓoye abubuwa. Kamfanin WhatsApp ya bayyana cewa yana dakatar da lambar da ke amfani da irin waɗannan, na ɗan lokaci ko har abada. Mafi muni, ba wanda ya san wa ya rubuta su, ko me suke kwasa. A wayar da ake karɓar saƙon lambar sirri ta cire kuɗi, wannan tamkar ba wa baƙo mabuɗin ɗaki ne.

Batun kuɗin ne ma ya sa maganar ta wuce ta hira da zumunci. Kamfanonin aika kuɗi na ƙasa sun shiga waya, MyNita da AmanaTa sun zama sunayen da kowa ya sani a birane, bankuna ma kowanne da manhajarsa. Manhajar kuɗi tana da dalilin da ya fi na kowa na gudun tsohon tsari mai ramuka. Amma duk ranar da irin wannan manhaja ta ɗaga matakin da take nema, wasu masu hulɗa da ita za su koma layi a gaban kanta. Shi ya sa hanyar danna tauraro da lambobi, wadda Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms suka saba da ita, ba tsohon yayi ba ce da za a yi gaggawar binnewa. Ita kaɗai ce ke aiki a kowace waya, babba da ƙarama, da intanet ko babu. Duk ma'aikatar gwamnati da ke shirin mayar da wani aiki cikin manhaja, biyan haraji ne ko rajistar jarabawa, ya kamata ta fara da gwada shi a kan wayar jaka 30 mai shekara 5, ba a kan wayar darakta ba.

Tarayyar Turai ta bi ta hanyar doka. Daga 20 ga Yuni 2025, wayar da za a fara sayarwa a ƙasashenta dole mai ita ya ci gaba da samar da sabuntawar tsari na aƙalla shekara 5 bayan ya daina sayar da samfurin, da kayan gyara na shekara 7. Nijar ita kaɗai ba ta da nauyin kasuwar da za ta tilasta wa masu ƙera waya irin wannan, kuma yawancin wayoyin ma ta hannun ƴan kasuwa suke shigowa, daga Dubai, daga Sin, ko daga kasuwar Farm Centre ta Kano. Amma akwai abin da bai fi ƙarfin hukumar ARCEP ba: ta nemi manyan masu shigo da waya da kamfanonin sadarwa su rubuta a fili, a jikin kwali ko takardar saye, wane Android ke ciki da kuma har yaushe mai ƙerawa ya yi alƙawarin sabunta shi. Ana rubuta ranar lalacewa a gwangwanin madara ta dala ɗari. Wayar jaka 60 ba ta da ita. Idan ƙasashen AES uku suka nemi haka da murya ɗaya, zai fi shiga kunne.

Kafin nan, nauyin yana kan mai saye. A kasuwa ana duba girman gilashi, yawan idon kyamara da ƙarfin batir, ba a duba abin da zai fara kashe wayar. Dubawar ba ta cin minti ɗaya: a shiga Paramètres, a gangara zuwa À propos du téléphone, a ga lambar da ke gaban Version d'Android. Okaziyon da ke ƙasa da Android 10 ta riga ta rasa sabon Chrome, komai ƙyallinta, kuma ya kamata farashinta ya nuna haka. A yi hattara da jabun wayoyi, don akwai masu nuna lambar ƙarya a wannan shafi. Gwajin da ba ya ruɗi shi ne a sa mai sayarwa ya sauke manhajar da ake buƙata daga Play Store, a buɗe ta a gabansa kafin a ƙirga kuɗi.

Wanda kuma WhatsApp ya fara nuna masa gargaɗin cewa za a daina tallafa wa wayarsa, kada ya danne ya wuce. Kamfanin yana turo wannan sanarwa kafin ranar rufewa, kuma lokacin ne kaɗai ake iya adana hirarraki a asusun Google don a dawo da su a wata wayar. Cikas ɗin da aka fi cin karo da shi ƙarami ne: mutane da yawa mai shago ne ya buɗe musu asusun ranar da suka sayi wayar, ba su san adireshin ba, balle kalmar sirri. Gara a koma wurinsa a karɓo su a rubuce tun manhajar tana buɗewa.