Tare ƙwallo rabin aikin gola ne a wasan lakros

A watan Oktoba na 2023, a taron da ya yi a birnin Mumbai na Indiya, Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince a dawo da wasan lakros cikin gasar da za a yi a Los Anjelis a 2028. Rabon da a raba lambobin yabo a kan wasan a Olamfik tun 1908 a Landan. Wasa ne da ya samo asali daga 'yan asalin Arewacin Amurka, musamman al'ummar Hodinoshoni, kafin wani likitan haƙori ɗan Kanada, William George Beers, ya tsara masa dokoki a 1867. Ana buga shi da sanda mai raga a kanta, wadda da ita ake cafe ƙwallo, a gudu da ita, a kuma jefa ta. Afirka ma ta sa ƙafa, domin Yuganda ta halarci gasar duniya a Denba a 2014.

Yayin da ƙasashe ke shiri, akwai wani kuskure da ya daɗe yana bin masu horarwa, wanda nake ganin ya kamata sababbin shiga su kauce masa: auna mai tsaron gida da yawan ƙwallayen da ya tare kawai.

Ba a raina tarewa ba. Ƙwallon lakros dunƙulen roba ne mai nauyin kimanin giram 145, kuma harbin gwanaye yakan wuce gudun kilomita 150 a sa'a. Gola yana tsaye gaban raga mai faɗin ƙafa 6 da tsayin ƙafa 6, ba shi da kariya sai hular kwano da sulken ƙirji da safar hannu da abin kare maƙogwaro. Duk wanda ya tsaya a wurin ya cancanci jinjina. Sai dai da zarar ƙwallo ta shiga sandarsa, agogo ya fara ƙirga. Daƙiƙa huɗu ko biyar gare shi, gwargwadon dokar gasa, ya fita daga da'irarsa ko ya miƙa ƙwallon. A gasar jami'o'in Amurka ta maza, tun 2019, daƙiƙa 20 aka ba ƙungiya ta ƙetare tsakiyar fili, daga cikin 80 da take da su ta kai hari. Golan da ya tare harbi mai wuya, sannan ya jefa wa abokin hamayya, ya mayar da tawagarsa inda ta fito, ga gajiya a kai.

Fitar da ƙwallo yana da ƙa'ida. Idon gola yakan fara zuwa tsakiyar fili, ko akwai ɗan tsakiya da ya riga ya ɓalle. In babu, sai ya duba 'yan bayan da suka buɗe zuwa gefe biyu. In nan ma a rufe yake, ya zagaya bayan raga, inda doka ta yarda a yi wasa, ya sami sarari. Abin da ba a yi shi ne jefa ƙwallo ta gaban bakin raga. Wajen jifar kuwa, hannu ɗaya yana gindin sanda, ɗayan ya sauko zuwa wajen tsakiya, a taka ƙafa zuwa inda ake nufi, ƙarfin ya fito daga ƙugu, kan sandar ya ƙare yana nuna wanda aka jefa wa. Kuma tunda gola ƙari ne a kan masu fitar da ƙwallo, kusan kullum akwai mutum ɗaya da ba a tsare ba. Aikin gola ne ya gano shi cikin natsuwa.

Duk wannan ba ya yiwuwa idan sandar ba ta ba da haɗin kai ba. Kan sandar gola ya fi na kowa faɗi, inci 10 zuwa 12, kuma dokar da ta iyakance zurfin raga ga sauran 'yan wasa maza ba ta hau kansa ba. Saboda haka matasa da yawa sukan saki igiyar ƙasa har kwarmin ragar ya yi zurfi sosai. Hujjarsu tana da ƙarfi: kwarmi mai zurfi yana shanye ƙarfin harbi, ƙwallo ba ta yin tsalle ta faɗa gaban maharin da ke jira. Amma kwarmin da ya riƙe ƙwallo da kyau yakan ƙi sakinta. Lokacin jifa sai ta maƙale a igiyoyin da aka gitta a saman ragar, ta nufi ƙasa 'yan taku kaɗan daga gola.

Gyaran ba shi da tsada, haƙuri yake buƙata. Idan ƙwallo tana faɗuwa ƙasa, a sassauta igiyoyin gicciye ko a ɗan ɗaure ta ƙasa don rage zurfi. Idan tana tashi sama fiye da kima, a ɗan tsananta su. Igiyar da ta fi kusa da baki ita ce za ta fi tauri, na ƙasa da ita su riƙa sassautowa, domin ƙwallo ta fita kamar tana hawa gangare mai santsi. Igiyoyin gefe su yi daidai da juna, su samar da hanya a tsakiya. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a je jikin bango a yi ta jifa, sannan a taɓa na gaba. Ruwan sama yana sa raga ta saki, sabuwar raga kuma tana buƙatar kwanaki kafin ta zauna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu son ƙwallon ƙafa sun san wannan labari. Tun da aka hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa a 1992, darajar masu tsaron gida ta koma kan iya rarraba ƙwallo, har aka kai zamanin Neuer da Ederson. Lakros na kan wannan hanya, kuma nau'in da za a buga a 2028 zai hanzarta ta. 'Yan wasa shida-shida ne, daƙiƙa 30 kacal ake da su a kai hari, kuma bayan an ci ƙwallo ba a komawa tsakiya: gola ne zai ɗauko ta daga raga ya tayar da wasa nan take. A irin wannan tsari, kusan kowane hari daga hannunsa yake farawa.

Don haka ra'ayina shi ne, mai horarwa ya riƙa ƙirga fitarwar da ta isa inda aka nufa kamar yadda yake ƙirga tarewa, ya kuma ware wa jifa lokaci a kowane atisaye. Gola kuma ya zaɓi kwarmi matsakaici, ko da zai sa ƙwallo ɗaya ko biyu su yi masa tsalle. Hannu mai laushi yana koyon shanye harbi, amma babu dabarar da za ta miƙar da jifa daga ragar da ta ƙi saki.