Hassan da Hussaini, kowa da katinsa

A gidaje da yawa a Arewa, ungozoma ce ke karɓar haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kacal na haihuwa a Nijeriya ake yi a asibiti. Idan tagwaye ne, haɗarin ya ƙaru, domin sukan zo bakwaini ko nauyinsu bai kai kilo 2.5 ba.

Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, ya tanadi lambobi ga tagwaye: Z38.3 ga ɗan tagwaye da aka haifa a asibiti, Z38.4 ga wanda aka haifa a wajensa. Lambar tana shiga fayil ɗin kowane jariri daban, da nauyinsa, lokacin haihuwarsa da wanda ya fara fitowa.

Kati ɗaya ga yara biyu babban sakaci ne. Ana iya yi wa Hassan allurar BCG sau biyu, Hussaini ya rasa. Ya kamata asibitocin unguwa su haɗa kai da ungozomomi, a kawo tagwaye cikin awa 24, sannan Hukumar Ƙidaya ta ba kowanne takardar haihuwarsa.