Dillalan Boston da kayan ɗakin amarya

 

A ƴan shekarun nan, in aka zo rabon rance a wurin taro, da wuya a tashi ba a ji wata ta ce za ta shiga saida kayan ɗaki ta salula ba. Ba sai kin kama shago ba. Ki ɗauki hoton zanen gado, labule, kafet, jeren kwanuka ko gadon fomika, ki ɗora a WhatsApp, mai so ta yi magana, ke kuma ki kira mai kaya a Kano ko kafintan unguwa. Sana'a ce da ta dace da matar da ke cikin gida, kuma muna goyon bayanta. To akwai wani kamfani a Amurka da ya ɗauki wannan sana'ar ya kai ta ƙololuwa, kuma littafin lissafinsa a buɗe yake, domin dokar can ta tilasta wa duk kamfanin da ke saida hannun jari ya bayyana shigarsa da fitarsa. Mun ga ya dace mu leƙa littafin tare.

Sunansa Wayfair. Abokai biyu ne suka kafa shi a 2002 a birnin Boston, Niraj Shah da Steve Conine, waɗanda suka yi karatu tare a jami'ar Cornell. Ofishinsu na farko wani ɗaki ne a gidan Conine, kuma abin da suka fara saidawa bai taka kara ya karya ba: teburan ɗora talabijin da abin ɗora lasifika. Ba su da kafinta, ba sa sayen kaya su jibge a sito. Hotuna suke jerawa a intanet. In mutum ya zaɓa ya biya, sai su aika wa mai kayan suna da adireshi, shi kuma ya tura kai tsaye gidan mai saye, su cire nasu a tsakani.

Wannan ai mun san ta tun kaka da kakanni, dillanci ne. Dillaliyar da ke shiga gida-gida da ƙunshi a ka, kayan wata take tallatawa, ta cire la'adarta. Ita tana ɗauke da kayan, su hoto kawai suke ɗauka.

Da suka ga abin ya karɓu, sai suka yi ta buɗe shaguna a intanet, kowanne da irin hajarsa, wannan na kujeru, wancan na tukwane, wani na akwatunan tafiya, har suka wuce 200, ƙarƙashin sunan CSN Stores. Shekara 9 suna haka da kuɗin kansu, abin da ya shigo shi ake juyawa. A duk labarin, wannan zangon ne ya fi burge mu, kuma shi ne aka fi mantawa da shi in ana yabon kamfanin. Sai dai sun lura da wata ɓaraka. Matar da ta sayi kujera a wannan shago, in ta tashi sayen tukunya ba ta san cewa wancan shagon ma nasu ne ba, don haka ba ta dawowa. A 2011 suka haɗe shagunan wuri guda da suna ɗaya, Wayfair, kuma a karon farko suka karɓi kuɗin masu zuba jari, dala miliyan 165. (Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, kada wata ta ce ai ba yawa.) A 2014 suka shiga kasuwar hannun jari ta New York.

Daga nan ciniki ya yi ta hawa kamar farashin rago ana jajibirin layya. A 2012 sun saida kayan kusan dala miliyan 600. A 2014 sun wuce miliyar 1. A 2019 sun wuce miliyar 9. Duk wanda ya ji wannan zai ce kakarsu ta yanke saƙa. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. A wannan shekarar ta 2019 ɗin, da aka rufe littafi, asara aka samu, ta dala miliyan 985. Kuma tun shigarsu kasuwar hannun jari har zuwa lokacin, ba shekarar da suka rufe da riba.

Bari mu mayar da lissafin 2019 cikin kuɗinmu, don ya zauna a kai. Ku ɗauka sun yi cinikin jikka 10. Jikka 7 da rabi da ƴar ɗoriya ta tafi wajen masu kaya da kuɗin kai kayan gida. Saura bai kai jikka 2 da rabi ba. A ciki, talla kaɗai ta cinye jikka 1 da ɗoriya. Abin da ya rage bai isa albashin ma'aikata da haya da masu amsa kiran abokan ciniki ba. Ƙarshenta, a kowane cinikin jikka 10, sai sun ciro fiye da jikka 1 daga wani wuri sun cike. Ƙarin ciniki, ƙarin rami.

Me ya jawo haka? Kayan ɗaki ba turare ba ne da za a saka a jaka. Gado da kwaba da kujeru suna da nauyi, suna cin wuri a mota, gefe yana gogewa, madubi yana fashewa, kuma in kaya ya iso da tabo mai saye ba ta san kafinta ba, wanda ya karɓi kuɗinta ta sani. Maido da kujera daga wani gari kan iya cinye ribar kujeru da yawa. Wannan ya sa kamfanin da ya fara da alfaharin ba shi da sito, daga 2015 ya shiga kama manyan ɗakunan ajiya, ya kafa nasa tsarin kai kaya har ƙofa. Abin da suka guje wa tun farko, girma ya dawo da su kansa.

Sai kuma talla. Mai sayen gishiri gobe ma za ta dawo, amma wadda ta sayi gado ta yi sallama da ke sai bayan shekaru. Don haka kullum sai an nemo sabon mai saye, kuma a can nemo shi kuɗi ne: a biya talabijin, a biya Google, a biya Facebook. Kuɗin tallarsu a shekara ya wuce dala miliyar 1.

Wata za ta ce, to wanda ke asara kowace shekara, da me yake buɗe shago da safe? A nan ne muke so ku kasa kunne. Hanya ta farko, masu jari da masu ba da bashi sun yi ta zuba musu kuɗi bisa fatan wata rana za a ci riba. Ta biyu kuwa ta fi kama da tamu. Mai saye yana biya yau, mai kaya kuma sai bayan makonni ake biyansa. Tsakanin nan kuɗi yana kwance a hannun kamfani. Muddin cinikin wannan wata ya fi na watan jiya, aljihu ba ya bushewa, ana biyan bashin jiya da kuɗin yau, kowa yana ganin kamar lafiya lau. Ranar da ciniki ya tsaya, ranar ake sanin kuɗin wa ke cikin aljihun.

A 2020 cutar korona ta kulle mutane a gidajensu. Wanda ya wuni yana kallon tsohuwar kujerarsa sai ya ji tana ba shi haushi, ga shaguna a rufe, sai intanet. Cinikin Wayfair ya tashi zuwa dala miliyar 14, masu saye suka kai miliyan 31, kuma a karon farko tun shigarsu kasuwar hannun jari suka rufe shekara da riba, dala miliyan 185. A lissafinmu na ɗazu, sefa 130 ke nan a kowace jikka 10, a shekarar da kasuwa ta fi yi musu kyau. Suka ɗauka haka za a dawwama, suka ƙara ma'aikata. Da aka buɗe gari, mutane suka koma tafiye-tafiye da cin abinci a waje, tsadar rayuwa kuma ta shigo. A ƙarshen 2022 masu saye sun sauko zuwa miliyan 22, asarar shekarar ta kai dala miliyar 1 da miliyan 300, wato wajen sefa miliyar 800. Aka shiga sallamar ma'aikata: 870 a watan Agusta na 2022, 1,750 a Janairun 2023, wasu 1,650 a Janairun 2024. A farkon 2025 suka tattara suka bar Jamus gaba ɗaya. Kowace lamba a nan gida ne da tukunya ta sauka.

Su dai sun sha da ƙyar, kamfanin yana nan yana ciniki, asarar ma ta ragu. Wani takwaransu na Ingila, Made.com, bai tsira ba. Ya shiga kasuwar hannun jari a 2021, kafin ƙarshen 2022 ya durƙushe, da kuɗin mutanen da suka biya suna jiran kujerunsu. Abin dariya kuma, a watan Mayu na 2024 Wayfair ya buɗe katafaren shago na bulo da siminti kusa da birnin Chicago, don mutane su zo su zauna a kujera su ji laushinta kafin su biya. Bayan shekara 22 ana cewa hoto ya isa.

To mu dawo gida. Korona tasu, mu kakarmu ce. Bayan an yi girbi, da kuma gab da azumi, bukukuwa sukan yi yawa, iyayen amare suna neman kaya ido rufe, duk abin da kika ɗora a salula sai ya tafi. A lokacin ne zuciya ke raya wa mace ta ninka rance, ta saro kaya ta ajiye. Sai bazara ta shigo, hatsi ya yi tsada, hankalin kowa ya koma kan rumbu da iri, labule kuma yana ninke a ɗaki yana shan ƙura, ranar biya tana matsowa. Waɗanda ke ɗauko kaya ta Dan Isa ko Magariya ko Ƙonni ba su manta 2023 ba, lokacin da aka rufe iyaka, kuɗin mota ya tashi, kayan da aka yi alkawari suka maƙale a hanya. Wayfair in ya faɗi yana da masu jari a New York da za su tallafe shi. Mu asusunmu zubin maƙwabciya ne, na mai ƙosai da mai ƙuli-ƙuli. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maradi a 1991, abin da ya riƙe shi ke nan, kowa ta san kuɗin wa ta ɗauka.

Ga misali, mu ƙaddara. Kin saro zanen gado da labule jikka 20, kin saida jikka 25. A baki riba jikka 5 ce. Cire kuɗin mota zuwa tasha, da ɗan kabu-kabun da ya kai gidan mai saye, da kuɗin aike, da kiredin da kika ƙona kina tura hotuna da amsa "nawa ne?" ga mata goma da ba su saya ba. Mu ce jikka 2. In jikka 20 ɗin rance ce, kuma ƙungiyarku tana ɗora kashi 10 cikin 100 a wata, ga wata jikka 2. In mai sayen ta ce sai ƙarshen wata mai zuwa za ta cika, ta zama 4. Tun ba a zo maganar wadda ta ce launin da ya iso ba shi ta gani a hoto ba, kin riga kin shiga cikin uwar kuɗi, alhali salularki ba ta daina ƙara ba, mutane suna cewa wance kasuwa ta buɗe mata.

Ba muna cewa a bar sana'ar ba ne. Muna da abin da su Wayfair suke kashe miliyar suna nema ba su samu yadda suke so ba. Amarya ɗaya in ɗakinta ya yi kyau, duk matan da suka zo ganin ɗaki sun ga tallarki, kuma ba ki biya ko dala ba. Uwar da kika yi wa gaskiya a auren ƴarta ta fari, ita za ta neme ki a na biyu, ta kawo ƙanwarta da kishiyarta. Shi ya sa muke ganin shekarun nan 9 na farko su ne abin koyi: kada ki saro sai an ce ana so, ki karɓi kafin alƙalami, ki faɗi gaskiyar launi da ƙwarin yadi ko da hoton ya fi kayan kyau. Kafin alƙalamin kuwa a ɗaure shi daban. Kuɗin gadon Hajiya ba jarin labulen wata ba ne, ko da kin tabbata gobe za ki mayar.

Ga shugabanni da masu riƙe littafi, shawararmu ita ce in ƴar uwa ta nemi rance don kayan ɗaki, kada a tsaya a "ciniki yana tafiya?" A tambaye ta nawa ya rage mata a kayan ƙarshe da ta saida bayan ta cire mota da aike da kiredi, kuma kayan da za ta saro yanzu akwai mai jiransu ko ajiyewa za ta yi. In ba ta da amsa, ba abin kunya ba ne, a zauna da ita a yi lissafin da tsakuwa ko da alli kafin a buɗe akwati. Ƙungiyar da ta gwada, ta aiko mana da abin da ta gani ta hannun mai kawo muku wannan takarda.