Wa Ke Biyan La'adar Dillalin Intanet?

 Akwai wani sakaci da ya yaɗu tsakanin 'yan kasuwa da malaman Chikaji. Attajiri ya kan sayi waya a kasuwar Sabon Gari, ya miƙa wa yaron shago ya saka masa abin da ya ga dama, ba ya ko tambayar wace burauza ke ciki, watau manhajar da a ke shiga shafukan intanet da ita. Alhali kuwa mutumin nan ko ɗan'uwansa ba ya bari ya leƙa littafin bashinsa.

Burauza dillali ce. Ita ke kai saƙo ta komo da amsa, saboda haka ta san farashin masarar da aka nema, da bankin da aka shiga, da cutar da aka tambayi maganinta da tsakar dare. To, dillali ba ya aiki sai da la'ada, in bai karɓa wurin mai saye ba, lalle ya karɓa wurin wani. Chrome, wadda kamfanin Google ya fitar a 2008, kyauta a ke ba da ita, amma mafi yawan kuɗin Google daga talla su ke zuwa, talla kuwa ba ta tsada sai an san halin wanda za a nuna wa. Da waɗansu 'yan alamomi da a ke kira kukis a ke bin sawun mutum daga shafi zuwa shafi. Google ya yi alkawarin toshe irin waɗannan a Chrome, sa'an nan a 2024 ya janye.

Waɗansu ɗaliban Samaru su kan ce in an buɗe Incognito shi ke nan. Ba shi ke nan ba. Iyakarta ta hana wayar ajiye tarihi, amma mai shafi da kamfanin layi suna sane da zuwan baƙo. A 2024 Google ya yarda ya share biliyoyin bayanai domin kashe ƙarar da aka kai shi a Amurka bisa wannan batu.

Abin ya fi nauyi a kan malami, domin asirin da ke wayarsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Mai rikicin gado da mai matsalar aure sun ba shi amana, shi kuma ya shiga bincike a kai. Suratul Hujurati ta hana tajassusi, wanda ya karantar da ita kuwa bai kamata ya buɗe wa mai leƙe ƙofa da hannunsa ba. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma ƙara tana da nisa, sauya burauza kuwa aikin 'yan mintoci ne.

Abin da ya fi dacewa shi ne Firefox, wadda tun 2019 ta ke toshe masu bin sawu ba sai an umurce ta ba, ko Brave, wadda ke toshe su har da talla, data ma ta ƙara auki. Ko su ɗin ba waliyyai ba ne. Mafi yawan kuɗin Mozilla mai Firefox daga Google su ke zuwa, domin a sa shi wurin bincike na farko, saboda haka sai a shiga saiti a maye gurbinsa da DuckDuckGo. Brave kuma tana tallata ladan kuɗin kirifto, mai shakkar halascinsa sai ya bar shi a kashe.