Sharhi: Ganyen magani da tazarar da ke tsakanin ɗakin gwaji da gadon asibiti

Tun da farashin magungunan asibiti ya yi tashin gwauron zabi a 2023, shekarar da kamfanin GSK ya sanar da janyewa daga sayar da magungunansa kai tsaye a Najeriya, ma'aikata da dama a Abuja sun koma ga garin zogale, shayin ganyen gwaba da ruwan shuwaka. Masu tallar waɗannan kayayyaki na kafa hujja da cewa bincike ya gano suna ɗauke da sinadaran da ke kare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa, da kuma masu rage kumburi.

Maganar tana da tushe. Ganyen zogale na ɗauke da kwasetin da kamferol, shuwaka na da lutiyolin, dukkansu daga dangin sinadaran da ake kira filabonoyid. Abin dubawa shi ne yadda ake auna ƙarfinsu. A gwajin da aka fi yi a jami'o'i, ana ɗiga ruwan ganyen a cikin wani sinadari mai launin shunayya. Idan launin ya koɗe, sai a ce ganyen na da ƙarfin kariya. Sai dai cikin ɗan Adam ba kwalba ba ne. Kaɗan daga waɗannan sinadarai hanji ke tsotsa, hanta kuma ta sauya mafi yawan abin da ya shiga jini. Wannan na cikin dalilan da suka sa Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin kariyar abinci a 2012. Tun a 1994 ma, wani gwaji da aka yi wa maza kimanin 29,000 masu shan taba a Finlan ya nuna cewa ƙwayar bita-karotin, wadda aka zaci za ta kare su, ta ƙara yawan masu kamuwa da sankarar huhu.

Abuja ta ga irin wannan tazara da idonta. A watan Mayun 2020, shugaban Gini-Bisau, Umaro Sissoco Embaló, ya miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari jiƙon da Madagaska ke cewa yana maganin korona. Cibiyar binciken haɗa magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Idu, ta gwada shi, ta gano cewa tazargade ne babban abin da ke ciki, kuma ba ta samu hujjar yana warkar da cutar ba. Daga ganyen wannan tsiro ne kuwa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da sinadarin atemisinin na zazzaɓin cizon sauro, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Abin da ya raba su shi ne tacewa, tantance awo da gwaji a kan majinyata.

NIPRD kanta ta taɓa bin wannan doguwar hanya. Maganinta na sikila, Niprisan, an haɗa shi ne da masoro, kanumfari, itacen osun da ganyen dawa, kuma an gwada shi a kan masu cutar. An ba kamfanin Xechem lasisinsa a 2002, aka ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan, amma cikin 'yan shekaru kamfanin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kantuna. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da May & Baker. Kimiyyar ta yi nata aikin. Kuɗi da gudanarwa ne suka gaza, majinyata kuma suka ɗanɗana kuɗarsu.

Ga mai saye, lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya galibi rajistar wucin gadi ce ta shekara biyu, wadda ke nuna an duba ko yana cutarwa, ba ko yana warkarwa ba. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya ajiye maganin likita saboda ita yana caca da ransa, wanda ke haɗa biyun kuma ya kamata ya sanar da likitansa.

Ga masu tsara kasafi da hadiman 'yan majalisa kuwa, tambayoyi uku sun isa a yi wa duk wata buƙatar kuɗi a wannan fanni: an gwada a kan mutane, nawa ne awon da ba ya cutarwa, kuma wa zai sarrafa maganin idan ya yi nasara? Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta buɗe sashen magungunan gargajiya tun 2018. Muddin ba a ware masa, tare da NIPRD, kuɗin gwaji a asibitocin koyarwa ba, sakamakon binciken zai ci gaba da ƙarewa a kundin digiri da bakin 'yan talla.