'Ya'yan Eldaberi Abinci Ne, Ba Su Hana Zuwa Asibiti

Akwai wani itace a ƙasashen Turai wanda Ingilishi ke kiran 'ya'yansa eldaberi. Tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta game duniya, sunansa ya yi ta yawo, har kwalaben ruwansa suka iso wasu manyan kantunan magani na birane. Masu talla suna cewa yana korar mura, yana ƙara wa jiki ƙarfi. To, ya kamata manomi da ɗan kasuwa da akawu su san gaskiyar al'amarin kafin su kwance lalitarsu.

Shi dai wannan itace ba babba ba ne, a shingayen gonaki da bakin daji ya ke fitowa. Yakan yi farin fure wajen watan Mayu da Yuni, sa'an nan 'ya'yan su nuna cikin Agusta da Satumba. Ƙanana ne baƙaƙe, ba su wuce ƙwayar barkonon masoro da yawa ba, suna fita curi curi a kan reshe. Tun kaka da kakanni matan ƙauye a Ingila da Jamus su ke dafa su da sukari, su ajiye ruwan a kwalba domin tari da murar hunturu.

Amfaninsu wajen abinci kuwa ba a musunsa. A cikin giram 100 na 'ya'yan akwai bitamin C wajen miligiram 36, da harza mai gyara ciki wajen giram 7. Baƙin launin nan nasu kuma daga wani sinadari ne da a ke kira antosayanin, ɗan'uwan wanda ke sa zoɓo ya yi ja. Amma a lura, lemon zaƙi mai nauyin giram 100 yana da bitamin C wajen miligiram 53, gwaiba kuwa ta haura 200. Ashe ke nan wanda ke da gwaiba a bayan gida ba shi da dalilin yin sha'awar na wani.

Sauran maganar mura. Likitoci sun gwada, ga kuwa abin da suka samu. A 2004 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasar Norwe da mutum 60 masu mura mai zazzaɓi, wadda mutanen da ke kira marisuwa. Rabinsu aka ba su babban cokali na ruwan eldaberi sau huɗu a yini har kwana biyar, rabi kuma aka ba su ruwan zaƙi wanda ba magani a ciki. Waɗanda suka sha eldaberi sun riga sauran samun sauƙi da wajen kwana huɗu. A 2016 kuma aka gwada a kan matafiya 312 masu tashi a jirgin sama daga Ostireliya. Waɗanda mura ta kama cikin masu shan eldaberi sun warke da wajen kwana biyu kafin sauran, amma bai tabbata cewa ya hana kamuwa ba. Kamfanin da ke yin maganin kuwa shi ya biya kuɗin gwajin.

Waɗannan su ne labaran da masu talla su ke ɗauka. Akwai na uku wanda ba su cika faɗi ba. A 2020 likitocin wani babban asibiti a jihar Ohayo ta Amurka suka gwada a kan mutum 87, manya da yara, waɗanda aka tabbatar suna da mura mai zazzaɓi. Masu shan eldaberi da masu shan ruwan zaƙi duk wajen kwana biyar suka yi kafin su sami sauƙi, ba wani bambanci. A wannan shekara kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa wasu kamfanoni takardun gargaɗi, don sun ce eldaberi yana maganin korona alhali ba su da shaida.

Malamin gona ba ya yabon sabon iri don ya yi kyau a fili biyu ya ƙi a na uku. Sai ya sake gwadawa a filaye da yawa, damina bayan damina. Haka ya kamata a yi wa wannan magani. Mai yiwuwa ne yana rage kwanakin mura kaɗan, amma iyakarsa ke nan, ko wannan ma bai zauna da gindinsa ba tukuna.

Har wa yau akwai haɗari a cikin itacen. Ganyensa da rassansa da ɗanyun 'ya'yansa suna da dafi irin na rogo mai ɗaci. Kowane manomi ya san rogo mai ɗaci ba a cinsa sai an jiƙa shi an sarrafa. To, eldaberi ma sai an tsince 'ya'yan da suka nuna daga reshe an dafa su sosai. A watan Agusta na 1983 wasu mutane a Kalifoniya suka matse ɗanyun 'ya'yan tare da ganye da rassa suka sha. Kafin minti 15 mutum 11 suka kama tashin zuciya da amai, har aka kwashi 8 a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti. Duk sun warke, amma sun ji jiki.

Babban abin tsoro a nan ƙasar ba dafin ba ne, jinkiri ne. Yaro ya kwana da zazzaɓi da damina, uba ya ce mura ce, ya sayo kwalba mai tsada ya yi ta ba shi. Idan kuwa zazzaɓin cizon sauro ne, eldaberi ba ya taɓa shi ko kaɗan, kwana biyun da aka ɓata kuma suna iya cin ran yaro. Kuɗin kwalbar da an kai shi asibiti an gwada jini da ya fi.

Manomi kuma zai tambaya ko a shuka. Irin na Turai yana son sanyin hunturu mai tsanani da ƙasa mai laima, zafin bazarar Kano ko Maraɗi ba nasa ba ne. Abin koyi yana wani wuri dabam. A ƙasar Ostiriya, maƙwabciyar Jamus, masanan gona na Klosterneuburg kusa da Biyana suka zaɓi iri mai yawan 'ya'ya daga cikin na daji, suka sa masa suna Haschberg. Manoman jihar Steiermark suka dasa shi layi layi, suna yi masa sassabe kowace shekara, suna sayar wa masana'antu masu yin launin abinci da abin sha. Itacen shinge ya zama amfanin gona. Kuka da tsamiya da ɗinya da kanya suna nan tsaye a gonaki suna jiran irin wannan kulawa, amma gatari su ke gamuwa da shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka ɗan kasuwa mai sayar da kwalbar ya sayar da ita a kan abin sha ne mai amfani, kada ya ce wa mai saye tana warkar da cuta. Akawu mai albashi in yana da hali yana kuma so, ya saya ya sha, amma zazzaɓin da ya kwana a jikin yaro a kai shi ga likita da safe. Manomi kuwa, in ya tashi sharar gona bana, ya dubi ƙaramar kukar da ta tsiro a gefen kunya, ya yi mata shinge don kada awaki su cinye.